Binka: ganyen da ake ɗora wa amarya, ake kuma shukawa a kan kabari

A ƙauyukan Yukren, musamman na yammacin ƙasar, idan biki ya matso mata sukan fita su tsinko ganyen wani ɗan tsiro mai yaɗo da suke kira barvinok, su zauna suna waƙa suna kitsa kambin da amarya za ta ɗora a ka. A Italiya kuwa wannan tsiron dai shi ake kira fiore di morte, wato furen mutuwa, saboda a zamanin da, da shi aka saba kitsa kambin da ake ɗora wa gawar ƙaramin yaro. A Landan, shekarar 1306, da aka kamo Simon Fraser, ɗaya daga cikin jagororin Sikotlan da suka yaƙi Sarkin Ingila Edward na Ɗaya, wata waƙa ta zamanin ta ce an ɗora masa kambin wannan ganye aka zaga gari da shi kafin a kashe shi. Ganye ɗaya ke nan, a kan amarya, a kan gawa, a kan wanda za a rataye.

Mutum zai iya cewa ai kowace al'umma da abin da ta ga dama ta laƙaba wa fure, babu wani dalili a ciki. Ni ban yarda da haka ba, aƙalla a kan wannan tsiro. Duk ma'anar da aka ba shi, idan ka bi ta a hankali, za ka tarar daga halinsa ta fito: yadda yake girma, yadda yake kama ƙasa, da yadda yake ƙin barin wurin da aka ajiye shi. Don haka wanda ya san nomansa ya riga ya san rabin ma'anarsa.

Sunansa a wurin masana tsirrai Vinca minor, sunan da masanin tsirrai Carl Linnaeus ya tabbatar masa a 1753. Turawan Ingila suna ce masa periwinkle, Faransawa pervenche, Jamusawa Immergrün. Don sauƙi, zan riƙa kiran sa binka. Asalinta tsakiya da kudancin Turai ne har zuwa yankin Kokasas, kuma danginta ɗaya da tumfafiya, dangin da aka sani da ɗaci da guba a jiki.

Sai ka durƙusa kafin ka san ta. Tsawonta ba ya cika wuce santimita 15. Ganyenta ƙanana ne, santimita 2 zuwa 4 da 'yan kai, kore shar mai duhu, da sheƙi kamar an goge shi da mai, da ɗan tauri a hannu kamar fata. Biyu-biyu suke fitowa, wannan na kallon wancan. Rassanta iri biyu ne, kuma a nan sirrinta yake. Akwai gajeru da ke miƙewa sama su ɗauki fure, akwai dogaye sirara da ke kwanciya a ƙasa suna tafiya. Ka sa yatsa ka ɗaga ɗaya daga cikin dogayen nan, za ka ji ya riƙe. Ka duba ƙarƙashin gaɓar da ganye ya fito, za ka ga wasu fararen saiwoyi kamar zare sun riga sun nutsa. Duk gaɓar da ta taɓa ƙasa mai danshi sai ta kafa gida a wurin, daga nan kuma ta tura wani sabon reshen gaba.

Furen yana fitowa daga Maris zuwa Mayu a ƙasashenta, sannan jefi-jefi har ƙarshen shekara. Faɗinsa santimita 2 zuwa 3, shuɗi mai sirkin shunayya, da kunnuwa 5. Kunnuwan ba a miƙe suke ba, kowanne ya ɗan karkace gefe guda kamar fukafukan fanka, sai ka ce da iska za ta taso furen juyawa zai yi. A tsakiya akwai ɗan farin zobe mai kusurwa 5 da ya zagaye maƙogwaron furen. Akwai mai farin fure, akwai mai ja-ja mai duhu, akwai kuma wadda ganyenta ke da ratsin fari ko rawaya.

Kafin a je ga noma, akwai ruɗanin da ya kamata a warware, domin ya sa mutane da yawa asarar kuɗi da wahala. Tsirrai 3 ne ake kira da suna ɗaya a wuraren sayar da fure. Ta farko ita ce wadda muke magana a kai. Ta biyu yayarta ce, Vinca major, mai manyan ganyaye da manyan furanni, wadda idan ka duba gefen ganyenta da kyau za ka ga 'yan gashi ƙanana. Ta fi saurin yaɗo, amma ba ta kai ƙanwar jure sanyi ba. Ta uku ita ce binkar Madagaska, Catharanthus roseus, wadda a da ake kira Vinca rosea kafin masana su ware mata nata gidan. Ita ba ta yaɗo. Tsaye take, tana kai rabin mita ko fiye, furenta ruwan hoda ko fari da ɗigon ja a tsakiya. Rana take so da zafi, sanyin ƙanƙara kuwa kashe ta yake yi. Wanda yake ƙasa mai zafi ya sayo ta Turai zai ga tana ta ramewa duk kulawar da ya yi mata, wanda yake ƙasa mai ƙanƙara ya dasa ta Madagaska a waje zai binne ta da farkon hunturu. Saboda haka tambayar farko ita ce yanayin da kake ciki, kafin ma a zo kan launin da kake so.

Binkar Turai 'yar inuwa ce. A daji, ƙarƙashin manyan itatuwa masu zubar da ganye take zama, inda rana ke shigowa sosai kafin itatuwan su yi sabon ganye, daga baya kuma inuwa ta rufe. Wannan ya sa take yin fure da wuri, tana rigegeniya da inuwar da ke tafe. Shi ya sa kuma masu lambu ke neman ta don wuraren da komai ya gagara: gindin itace, bayan katanga, gangaren da ruwa ke zaizayewa, inda ciyawar ado ta ƙi tsayawa. Tana iya zama a inuwa mai duhu, amma fure zai yi ƙaranci. Tana iya zama a rana idan ƙasar na da danshi, amma rana mai ƙuna tana koɗar da ganyen. Inda ta fi jin daɗi shi ne inda hantsi ke samun ta, inuwa ta rufe ta da azahar. Sanyi kuwa ba ya ba ta tsoro. Tana fita lafiya daga hunturun da ya kai digiri 25 ƙasa da sifili.

Ba ta da zaɓen ƙasa sosai. Yumɓu ko jigawa, duk tana ɗauka, abu ɗaya ne ba ta yafewa: ruwa ya kwanta a gindinta. A sassauta ƙasar, a gauraya ta da ruɓaɓɓen taki ko ruɓaɓɓen ganye. Aikin da ya fi kowanne muhimmanci kuwa, wanda mutane suka fi tsallakewa, shi ne a tone duk wata ciyawa mai saiwa mai zurfi kafin a yi dashe. Dalili shi ne, da zarar binka ta saƙa tabarmarta, ciyawar da ka bari a ƙarƙashi za ta huda ta fito, kuma fartanya ba ta shiga wurin. Sai dai ka bi da hannu ɗaya bayan ɗaya har shekaru. Tun ran gini ran zane.

Ba a cika shuka ta da iri ba. Dashe ake yi. Ko dai a sa shebur a yanko wani yanki daga tsohuwar tabarma, da ƙasarsa da saiwarsa, a rarraba. Ko a yanke reshen da ya riga ya yi saiwa a gaɓa. Ko a yanki reshe mai tsawon santimita 10, a cire ganyen ƙasa, a soka shi a ƙasa mai danshi a inuwa har ya kama. A bar tazarar kamar santimita 30 tsakanin kowane gindi, wato kusan guda 10 a murabba'in mita ɗaya. Kada a binne wuyanta fiye da yadda yake a da. Lokacin da ya dace shi ne sa'ad da ƙasa ke da danshi, ba zafi mai tsanani, ba kuma ƙanƙara. Bayan dashe a lulluɓe sararin da ke tsakani da busasshen ganye ko ɓawon itace, ba mai kauri ba, don rassa su samu su taɓa ƙasa.

Daga nan sai haƙuri. Shekarar farko za ka yi zaton ba ta yin komai. Kana ban ruwa, kana cire ciyawa, ita kuwa tana nan zaune kamar baƙuwar da ba ta saba ba. Aiki take yi a ƙasa. Shekara ta biyu rassa za su fara miƙa hannu ga juna. A ta uku ƙasar ta ɓace, sai kore. Daga lokacin ba ta neman ban ruwa sai fari ya yi tsanani, ba ta neman taki sai ɗan kaɗan, kuma ita da kanta ke hana sabuwar ciyawa tsirowa don ta tare mata haske. Idan ta yi tsayi ta fara yin sako-sako, a yi mata aski bayan fure ya wuce, za ta sake tohowa da kauri. Barewa da zomo ba su cika damun ta ba, saboda ɗacinta.

Kuskuren da na taɓa yi da ita na yawan so ne. Na riƙa yayyafa mata ruwa ta sama kowace yamma, ganye ya kwana a jiƙe. Bayan 'yan makonni sai na ga wasu rassa sun yanƙwane a tsakiyar tabarma, alhali na kewaye lafiya lau. Da na buɗa, gindin kowane reshe ya yi baƙi ƙirin daidai inda ya taɓa ƙasa. Wata funfuna ce da masana ke kira Phoma, wadda ke samun dama idan sanyi da laima suka haɗu, iska kuma ba ta ratsawa. Maganinta ba wuya: a yanke duk reshen da ya kamu a fitar da shi daga lambun, a rage cunkoso, a mayar da ban ruwa da safe, kuma a gindi.

Ga kuma babban aibinta, wanda bai kamata a ɓoye wa mai son dasawa ba. Halin da ya sa take rufe gangare shi ne ya sa ba ta san iyaka ba. An kai ta Amurka ta Arewa tun a ƙarni na 18 a matsayin tsiron ado, yau kuma a jihohi da dama na gabashin ƙasar tana cikin jerin baƙin tsirran da ke cinye daji, inda take shimfiɗa tabarma ta danne furannin asali da 'ya'yan itatuwa. Yayarta mai manyan ganyaye ta yi irin wannan ɓarna a bakin rafukan Kalifoniya, da Ostireliya, da Niyu Zilan. Akasari ba tsuntsu ne ya kai ta can ba. Mutum ne ya yi wa lambunsa aski ya zubar da ragowar a bakin daji, kowace gaɓa kuma ta zama sabon gindi. Ra'ayina a nan a fili yake: wanda gidansa ke jingine da daji a ƙasar da ba tata ba, ya haƙura da ita, ko ya tsare ta a tukunya. Wanda ya dasa, ya yi mata iyaka da daɓe ko katanga, ya riƙa bin bakin iyakar da shebur sau ɗaya ko biyu a shekara, abin da ya yanko kuma ya shanya shi ya bushe ƙurmus kafin ya zubar. Cire ta bayan ta kafu aikin shekaru ne, domin ɗan guntun da ka manta zai dawo.

Yanzu a koma ga kambin nan guda uku. Sunan Vinca ana danganta shi da kalmar Latin vincire, wato ɗaurewa. Rassanta dogaye ne, masu laushi, ba sa karyewa idan an lanƙwasa, don haka ita ce igiyar da ke kusa ga duk mai son kitsa kambi. Na biyu, a ƙasar da hunturu ke tuɓe kowane itace, ƙasa ta yi fari fat, ita idan ka share ƙanƙara za ka tarar da ita kore kamar jiya aka dasa. Sunanta na Jamusanci ma abin da yake nufi ke nan, kullum kore. To ka haɗa biyun, abin da ke ɗaurewa da abin da ba ya bushewa. A kan amarya ya zama addu'ar aure mai ɗorewa da riƙon amana. A kan gawar yaro ya zama shaidar cewa rai bai ƙare a nan ba, kuma iyaye ba za su manta ba. A kan fursunan da za a kashe kuwa izgili ne: an naɗa masa sarautar ganye, an kuma sanar da shi inda ya nufa. Mutanen Yukren ba su ga wani saɓani a ciki ba, domin barvinok ɗin da suke kitsa wa amarya shi suke dasawa a kan kaburburan iyayensu.

Akwai ma'ana ta huɗu da ta rage ƙarfi a yau. Faransawa sun kira ta violette des sorciers, furen bokaye, saboda an daɗe ana rataye ta a ƙofa don kore miyagun iskoki, ana kuma sa ta a haɗin mallaka tsakanin miji da mata. Nan ma tunanin ɗauri ne ke aiki.

Ma'anar da ta fi yaɗuwa a littattafan “harshen furanni” na ƙarni na 19, masu bayyana abin da kowane fure ke nufi, ita ce tuna baya mai daɗi, kuma wannan tana da uba sananne. Marubuci Jean-Jacques Rousseau ya ba da labari a tarihin rayuwarsa cewa wata rana yana saurayi, suna kan hanyar zuwa gidan Les Charmettes kusa da garin Chambéry, a Faransa ta yau, tare da Madam de Warens, matar da ta riƙe shi, sai ta hango wani abu shuɗi a gindin shinge ta ce masa ga binka can har yanzu da furenta. Shi bai taɓa ganin ta ba, idonsa kuma ba ya gani daga nesa, bai ma sunkuya ba, ya ɗan waiga kawai suka wuce. Kusan shekara 30 bayan haka, a 1764, yana hawan wani tudu a Cressier ta ƙasar Suwizalan tare da wani abokinsa, ya leƙa cikin kurmi ya gan ta, sai ya yi ihun murna. Abokin ya ga farin cikin amma bai san dalilinsa ba. Abin da ke taɓa ni a labarin shi ne cewa furen da bai ko tsaya ya kalla ba shi ne ya ajiye masa wannan ranar. Masu karatu sun ɗauki labarin da zafi, har binka ta zama furen tunawa a Turai.

Ta fannin magani, a yi hattara da labaran da ake yaɗawa. Gaskiya ne binkar Turai na ɗauke da wani sinadari mai suna vincamine, wanda daga gare shi aka samar da maganin vinpocetine a Hungari a shekarun 1970. Babban labarin kuwa na 'yar'uwarta ce ta Madagaska. A Jamaika mutane na shan shayin ganyenta don ciwon sukari. A shekarun 1950 aka aika ganyen zuwa Jami'ar Western Ontario a Kanada, inda Robert Noble da Charles Beer suka gwada shi a kan ɓeraye. Sukarin bai sauka ba, sai fararen ƙwayoyin jini ne suka ragu ƙwarai. Daga wannan abin da ba shi aka je nema ba aka samu vinblastine a 1958, sannan masana a kamfanin Eli Lilly suka fitar da vincristine, wanda aka amince da shi a Amurka a 1963. Magungunan nan suna hana ƙwayar halitta rabuwa biyu, kuma suna cikin haɗin da ya juya labarin sankarar jinin yara: cutar da a da kusan duk yaron da ta kama take tafiya da shi, yau a ƙasashen da ke da cikakken magani kusan 9 cikin 10 suna rayuwa. Dangin furen da ake ɗora wa gawar yara shi ya zo yana ceton yara. Amma sinadarin ɗan mitsitsi ne a cikin ganyen, sai an tara ɗaruruwan kilo kafin a tace giram guda, likita ne kuma ke auna shi. Dafa ganyen a gida ba ya maganin sankara, guba ce kawai, ga mutum da dabba. Duka ukun a nisanta su daga bakin yara.

Hali na ƙarshe shi ne wanda na fi so. Binkar Turai ba ta cika yin iri ba, musamman idan ta bar ƙasarta ta asali. Furenta ba ya karɓar garin furen da ya fito daga jikinsa, sai na wani gindi daban. Ita kuwa tabarmar da ka gani, ko ta kai faɗin fili, sau da yawa tsiro guda ne da ya yi ta maimaita kansa. Ba iri, ba tafiya mai nisa. Sau da yawa inda ka gan ta, hannun mutum ne ya kai ta. Shi ya sa a dazuzzukan Jamus masu binciken tarihi ke ɗaukar ta a matsayin manuniya: idan suka tarar da shimfiɗarta a tsakiyar kurmi, sukan nemi kufai a ƙarƙashi, na tsohuwar ganuwa, ko gidan ibada, ko ƙauyen da ya watse tun ɗaruruwan shekaru.

A gabashin Amurka ma haka abin yake, sai dai can kaburbura take nunawa. An saba dasa ta a maƙabartun iyali na gonaki saboda ba ta neman kulawa, tana kuma hana ciyawa. A Bajiniya da jihohin da ke maƙwabtaka da ita, da yawa daga maƙabartun bayi baƙar fata ba su da dutse mai rubutu, ba sa kuma cikin taswira. Gonakin sun koma daji, masu gonakin sun tashi, sunayen waɗanda ke kwance sun ɓace daga takarda. Masu neman waɗannan wurare sukan fita da hunturu, lokacin da ganye ya zube, daji ya yi toka-toka, ana hango nesa. Idan suka hangi wani kore shar a shimfiɗe ƙarƙashin itatuwa, sai su nufe shi, su rage sauri. A cikinsa sukan tarar da ƙasa ta ɗan lotsa a jere, tsawon mutum tsawon mutum, daga gabas zuwa yamma, wani wurin da ɗan dutsen daji a kafe ta wajen kai.